Simintin da Na Shafa wa Ɗakin Inna

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ɗaki ɗaya ne ya rage na ƙasa, shi ne ɗakin Inna, kakata, mahaifiyar Baba. Sauran duk an rushe su ɗaya bayan ɗaya tun ina firamare, an tayar da na bulo an rufa da kwano, biyu muna ciki, uku kuma 'yan haya. Na Inna soro ne, rufin azara, kaurin bangonsa kuwa in ka zura hannu ta taga daga ciki da ƙyar yatsunka za su leƙo waje. Da bazara, lokacin da fanka ma iskar zafi take hurowa, in ka shiga ɗakin nan sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Ni dai a lokacin ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ɗakin Inna akwai sanyi, shi ke nan, kamar yadda rijiya take da ruwa.

Cikin 'yan hayarmu akwai wata nas 'yar Filato da take aiki a asibitin koyarwa, ita da mijinta malamin makaranta. Sista muke ce mata, har Baba. In ta yi aikin kwana ta dawo da safe, kafin hantsi ya ɗaga ɗakinta ya zama tanda, sai ta naɗo tabarmarta ta nufi ɗakin Inna ta shimfiɗa a bayan gado. Inna takan kore mu daga bakin ƙofa ta ce baƙuwarta na barci. In ta farka kuma ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura wa Inna a dantse, su yi ta faɗa a kan gishiri. Haka suke, shekara da shekaru.

Ni kuwa na gama sakandare ke nan, ban samu gaba ba, kuma ba abin da yake cikin kaina sai gini. Ba wanda ya koya mini. Duk inda na ga tifa ta juye yashi a Darmanawa ko Tarauni, gobe da safe ina wurin. In ɗauki kwanon sarki in taya su, in tsaya bayan birkila ina kallon yadda yake riƙe cokali, in dawo gida in rubuta a wani tsohon littafin lissafi: shebur nawa na yashi, ruwa kamar yaya, me ya sa ake jiƙa bango kafin a yi filasta. Har na iya ɗaura igiya na fitar da layi. 'Yan layinmu suka sa mini Injiniya don tsokana, ni kuma wallahi daɗin sunan nake ji.

To, shekarar da soja suka koma bariki, Kawu, ƙanin Baba, ya yi wa wani ɗan takarar kansila yawon kamfe har takalminsa ya cinye. Mutumin ya ci. Abin da ya biyo baya a unguwarmu shi ne siminti. Ban san daga ina yake fitowa ba, kawai dai sai ka ga an turo kura da buhuna an sauke a ƙofar gidan wane. Kowa ya kama shafe. Masu tsakar gida na daɓe suka malale shi da siminti, masu zauren ƙasa suka yi masa filasta suka shafa fenti, kowa kuma ya ƙara wa dokin ƙofarsa tudu don ya fi na maƙwabcinsa. Rabon Kawu gidanmu aka kawo. Aka yi tsakar gida tas daga zaure har madafa, buhuna suka yi saura, aka jingine su a zaure.

Nan fa idona ya faɗa kan ɗakin Inna.

Al'adar ɗakin ita ce duk shekara kafin ruwa ya sauka a yi masa yaɓe. Akwai wani tsohon magini daga Unguwar Gano, Malam muke ce masa, shi yake zuwa. A kawo jar ƙasa a kwaɓa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa, ruwanta ya yi ja kamar shayi, a haɗa a shafe bango da rufi da hannu. Gidan ya yi kwana uku yana warin makuba, tsakar gida duk taɓo, Inna ta yi wa Malam tuwon dawa da miyar kuka. Baba ya daɗe da gajiya da wannan hidima, na kuma san haka. Sai na same shi bayan sallar la'asar na zuba masa bayani: in aka yi wa ɗakin filasta sau ɗaya an huta har abada, ba yaɓe, ba taɓo, ruwa zai dinga zamewa kamar a jikin tangaran, kuma ni zan yi da hannuna. Ya dube ni ya ce in dai zan iya, ga buhuna nan.

Inna ce ta ɗan ja. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka, maigida take ce mini.

"Maigida, ɗakin nan ya girmi ubanka, bai taɓa sa riga ba."

"Yanzu zai sa, Inna. Gwamnati ma ta canja kaya."

Ta ce to, tunda maigida ya yanke, ita wace ce. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na yi aikin nan da zuciya ɗaya. Na ga yadda ake yi a wasu gidaje, sai na kakkafa tsofaffin ƙusoshi da tsakuwa a jikin bangon don siminti ya samu abin kamawa. Na fara tun daga rawanin soro, wato ɗan tudun bangon da ya zagaye rufi, na gangaro har ƙasa, na haɗe shi da simintin tsakar gida ba ko tsaga. Na goge shi sumul. Mutane suka riƙa shigowa kallo, Kawu ya kawo abokansa. Da lokacin yaɓe ya yi Malam ya zo kamar yadda ya saba, ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon bangon. Ya gaida Inna, aka ba shi ruwa ya sha, ya yi sallama ya tafi. Ni a raina na ce kishi ne, an raba shi da aiki.

Damina ta zo ta wuce, daga waje ɗakin fes. Amma tun kafin ruwa ya ɗauke Sista ta fara cewa tana jin wani wari a ciki, irin na sito da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai wani farin abu kamar kanwa ya fara fitowa a jikin bango ta ciki, daga ƙasa zuwa wajen gwiwa. Zannuwan Inna na cikin akwati suka yi fumfuna. Inna ta fara tari, irin wanda ba ya tafiya. Sista ta daina shimfiɗa tabarma a bayan gado, rannan kuma ta tsayar da Baba a zaure ta gaya masa gaskiya, cewa danshin ɗakin nan ba zai bar ƙirjin tsohuwa ya huta ba, ko ta ba ta magani dawowa zai yi. Ba ta faɗa don ɓata kowa ba. Aikinta ta yi.

Abin da ya ƙarasa magana ya faru ne da rani sosai, wata da watanni rabon da a ga ɗigon ruwa. Inna tana sallar walaha sai wani ɓangare na bangon gabas ya zubo ta ciki, a bayan gado. Ba shi da yawa, kamar cikin kwanon sarki biyu. Baba ya zura hannu a ramin ya damƙo ƙasar, ta dunƙule a hannunsa kamar tuwo. A ranar ya yanke hukunci: ɗakin ya gama yayinsa, kafin damina mai zuwa za a rushe shi, a tayar da na bulo guda biyu a wurin, ɗaya na Inna, ɗaya a ba ɗaliban asibiti da kullum suke sallama suna neman ɗaki. Bayan sati aka fara sauke bulo a ƙofar gida.

Inna ba ta yi musu da ɗanta ba. An mai da ita ɗakin mahaifiyata, tana kwana a can, amma da safe sai ta ɗauki kujerarta ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna. Abinci ma tsakura take yi. Wata rana ina wucewa ta kira ni, ba da sunan wasa ba, da sunana na yanka, abin da ba ta cika yi ba.

"In ranar rushewa ta zo ka gaya mini tun da wuri. Zan tafi Daurawa wajen gwaggonka. Ba na so in ji ƙarar."

Ko kalma ɗaya ba ta ce a kan siminti ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Jikina ya ba ni aikina ne, sai dai ban san ta yaya ba. Ɗakin da ya yi shekaru yana shan ruwa tsirara bai ruɓe ba, sai da na rufe shi? Na zagaya bayansa na ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa. A wasu wuraren ta amsa da ƙarfi, a wasu kuma sai ta yi amo kamar ganga. Na duba littafina kaf, ba komai a kan wannan, don duk abin da na rubuta a jikin bulo na koye shi. Washegari na kama hanyar Unguwar Gano a ƙafa ina tambayar gidan tsohon magini.

Na same shi a gindin wata darbejiya yana sayar da itacen girki. Ya ce aikin ƙasa ya yi ƙaranci, shi ya sa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallona ta gefen ido.

"Kai ne injiniyan?"

"Ni ne, Malam."

"Ya zubo ke nan."

"Ta ciki, bangon gabas."

"Na ɗauka zai kai shekara biyu. Ashe ka iya shafe sosai."

Na ce masa me ya sa ranar da ya zo bai yi magana ba. Ya ce ya ga gida cike da masu yaba aiki, ga siminti ya riga ya bushe, wa zai saurari tsoho mai warin makuba? Amma ya tashi ya bar wa wani maƙwabcinsa jiran itacen ya biyo ni.

Abin da ya nuna mini ranar nan shi nake so kowa ya ji, don tun daga lokacin ba na iya wuce bango ban tsaya na dube shi ba. Ya sa na kafa tsani muka hau. A saman rawani ya nuna mini wata 'yar tsaga siririya kamar zare, ta bi layi tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya ce siminti da ƙasa ba sa tafiya tare: rana ta buga, wannan ya miƙe, wancan ya tsaya, dole su rabu. Ta wannan zaren ruwa yake shiga, kaɗan kaɗan, duk damina. Muka sauko ya nuna mini indararo, bututun da ruwan rufi yake zubowa ta ciki. Gajere ne, ruwan yana sauka a gindin bango. Da can daɓen tsakar gida yana shanye shi, yanzu kuwa sai ya kwanta a kan siminti yana neman kafa, duk kafar da ya samu kuma ƙarƙashin ɗakin take kai shi.

Na ce to ai da ma can ruwa yana taɓa bangon. Sai ya ce da Inna ta ba shi aron tsumma. Ya jiƙa shi ya yaga biyu, ya shanya rabi a kan igiya, rabi ya cusa a leda ya ƙulle ya ajiye a rana. Ya zauna suka sha hirarsu da Inna, ana ta tuna waɗanda suka mutu. Da zai tafi ya ce in ɗauko. Na igiya ya bushe ƙayau, na leda kuwa yana nan jagab, har ya yi gumi.

"Ka ga ɗakin kakarka," in ji shi. "Ƙasa tana shan ruwa, rana ta fito ta mayar. Kai ka bar mata hanyar sha, ka toshe ta mayarwa."

Wallahi ji na yi kamar an buɗe mini taga a ka. Ranar ban iya zama ba. Na fita na bi layinmu ina kallon komai sabo. Ga gidaje duk an malale tsakar gida, ruwan da ƙasa take shanyewa da yanzu kowa ta kwata yake turo shi waje. Ga dokin ƙofa kowa ya ɗaga, wato kowa yana tura wa na ƙasa da shi. Ga kududdufin bayan layi, inda asali aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, inda ruwan duk layin yake taruwa, an cike shi da shara an yanka filaye har an fara tayar da gini. Ashe abin da na yi wa ɗaki ɗaya shi unguwar take yi wa kanta. Na cika shafi huɗu a littafina, na tsare mijin Sista a bakin famfo ina yi masa bayani har bokitinsa ya cika ya zube.

Shawo kan Baba shi ne aikin. Malam ya ce bangon bai mutu ba, in aka cire masa rigar aka bar shi ya sha ranar bazara, aka yanke inda ya ruɓe aka cike, zai tashi. Baba ya ce shi ya riga ya sayi bulo, kuma wanda ya ba da shawarar farko ai shi ne yake ba da ta biyu. Wannan ta shige ni, amma gaskiya ce. Na ce masa ba na neman komai sai lokaci, aikin ni zan yi. Ya dubi wajen da Inna take zaune a kan kujerarta. Sannan ya ce ya ba ni zuwa ruwan farko mai ƙarfi. In ruwa ya shiga ɗakin, ko Sista ta ce har yanzu da danshi, ba sauran magana, za a rushe ko da tsakiyar damina ne.

Na ari guduma da cizal na fara fasa aikina. Yin sa ya ɗauke ni kwana shida, fasa shi ya fi haka, don dole a bi a hankali kar ƙusoshin da na kafa su ɓanɓaro bangon. Duk inda na ɗaga falle sai wani wari ya bugo ni, ƙasar bayan ta yi baƙi, a wani wurin har da saiwoyi farare. 'Yan layi suka samu abin yi. Wani ya ce Injiniya ya koma mulkin soja. Wani ya leƙo ya tambaya ko in na gama zan cire wa gidan wutar lantarki ma. Kawu ya zo ya tsaya hannu a ƙugu ya ce simintin da mutane suke bin layi su samu shi nake farfasawa, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sosai. Inna kuwa daga ɗakin mahaifiyata take aiko mini da ƙorafi, wai maigida ya ajiye ta a ƙarƙashin kwano tana soyuwa kamar waina. Da na ji ta koma kirana maigida sai na ƙara ƙarfin guduma.

Muka bar bangon tsirara sati uku. Kullum da rana in je in dafa shi, ina ganin baƙin yana ja da baya yana komawa ja. Sai matsalar ƙasa ta taso. Da can daga kududdufi ake ɗebowa, yanzu kududdufi ya zama fili mai lamba. Nan yawon da na yi a wuraren gini ya yi mini rana. Na san wani wuri a Darmanawa da ake haƙa harsashin bene, suna ta neman inda za su zubar da jar ƙasa. Na roƙi mai kula da aikin, ya yi dariya ya ce in kwashe duka in ina so. Na yi ta jigila da kura. Makuba kuma gwaggo ce ta samo mana a Daurawa wajen wata mai yin daddawa da take tara ɓawon ɗorawa.

Malam bai taɓa aikin da hannunsa ba sai sau ɗaya. Ya kifa turmi ya zauna yana ba da umarni. Ya sa na zuba ƙaiƙayi a ƙasar, na tattaka da ƙafa, na rufe ta kwana uku ta ruɓa, na sake tattakawa. Na yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da na tarar da ƙasa mai ƙarfi, na cike da tubali, kowane sahu sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Ni da na saba a yi a gama, wannan jiran ya fi komai ba ni wuya. Da aka zo yaɓe na ɗauko cokalina na birkila, sai ya ce in ajiye. Ya tashi ya cibro ƙasa ya maka ta a bango ya bi da tafin hannu, sau ɗaya, ya koma kan turminsa. Ya ce cokali yana shafa fuska ne kawai, hannu ne yake jin inda bango yake da rami. Har yau in ka duba bangon gabas ta ciki za ka ga sawun yatsuna a jere, da na Malam guda ɗaya a ƙasa, ya fi nawa kyau.

Saura gindin ɗaki. Na fasa simintin tsakar gida faɗin taku biyu, na zagaye ɗakin da shi, na mayar da daɓe mai ɗan gangare. Na ƙara wa indararo tsawo da guntun kwano. Inda ruwan zai sauka na haƙa rami har ƙugu, wannan kam dabarata ce, Malam ya ce bai hana ba. Da na rasa duwatsun da zan cike shi sai na ga tulin filastar da na farfasa a gefe. Ita na zuba a ciki, na rufe da tsakuwa.

Sista ta shiga ɗakin ana gobe Inna za ta koma. Ta daɗe a ciki, ta shinshina kusurwa kusurwa, ta ɗaga gado, ta dafa bango. Ta fito ta ce wa Baba ita dai warin makuba kawai take ji, kuma ba ta san shi a cikin cututtuka ba.

An yi yayyafi sau biyu, Baba ya ce wannan ba ruwa ba ne. Na gasken ya zo wata Laraba bayan azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso, mata suka kwashe shanya. Na tsaya a bakin zaure inda nake ganin ɗakin da kuma layi. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, yana dukan bangon gabas kai tsaye. Kafin wani lokaci layinmu ya cika, ruwa yana gudu da leda da bawon rake yana neman kududdufin da babu. Ni idona yana kan indararo. Ruwan ya zubo can nesa da bango, ya faɗa kan tsakuwa, ya taru kamar zai malala, sai na ga yana nutsewa. Bangon ya jiƙe ya yi duhu. Da wannan duhun na gani a bara da hankalina ya tashi, yanzu kuwa na san gobe rana za ta karɓe shi.

Da ruwa ya tsagaita Baba ya ɗage ƙafar wando ya tsallaka, na bi bayansa. Inna tana zaune a kan gado da carbi. Ya bi bango da tafin hannu tun daga ƙofa, ya tsuguna ya dafa inda aka cike, ya danna da babban yatsa. A bushe. Har na fara sakin numfashi sai na ji ɗis. A kusurwar yamma, bayan akwati, an ajiye ƙaramin kwanon sha, ruwa yana ɗiga a ciki daga tsakanin azara. Wurin da na yi wa yaɓen rufi a gurguje ne ranar da hadari ya fara haɗuwa. Inna ta jawo akwatin ta kare shi, amma ƙarar ta tona.

Baba ya dubi kwanon, ya dubi rufi.

"Inna, wannan fa?"

"Ruwan alwala nake tara. Na sama ya fi na famfonku."

Sharaɗi dai sharaɗi ne, ruwa kuma ya shiga. Baba ya tsaya yana kallon ɗigon nan yana faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ga muryar mahaifiyata daga tsakar gida tana tambaya wa ya ɗauki babbar roba, ɗakin Baba yana zuba ta ramukan ƙusa har katifa ta fara jiƙa. Inna ta ci gaba da jan carbinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Baba ya juya zai fita, a bakin ƙofa ya tsaya ya ce da ni, in rana ta fito gobe in hau in toshe wurin nan, in na gama kuma in leƙa nasa rufin.

Bulon ya ƙara wata biyu a ƙofar gida yara suna hawa, daga baya aka gyara katangar bayan gida da shi. Tarin Inna ya tafi kafin kaka. Sista ta dawo da tabarmarta. Yaɓe kuwa ya zama nawa duk shekara, Malam yana zuwa ya kifa turmi ya zauna, Inna ta yi mana tuwon dawa. A bana ina kan tsani hannuna duk makuba, maƙwabcinmu na dama, wanda ya yi maganar mulkin soja, ya yi sallama ya tsaya yana ta kewaye-kewaye. Can ya ce in na sauko in zo in ƙwanƙwasa masa bangon zaurensa, wani amo yake ji.